Canza hanyar mai a tsohuwar 504: da wane bututu, kuma ta ina zai bi?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da Peugeot 504 familiyal ƙirar 1978 da na gada wurin mahaifina, muna nan Birni a Damagaram. Bututun ƙarfen da ke kawo mai daga tanki ya huje, sai wani bakanike ya cire shi ya ja farin tiyo na roba tun daga tanki har famfo, ya ɗaɗɗaure shi da waya. Tun daga nan motar ke warin fetur, kuma in rana ta take, musamman a hanyar Tanut, sai ta riƙa shaƙewa har ta mutu, ba ta tashi sai ta huce. Wani ya ce in sa bututun jan ƙarfe irin na masu gyaran firji, wani ya ce in ƙara faɗin bututun in sa famfon lantarki. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Abu uku ka tambaya a dunƙule: da me za a yi hanyar man, ta ina za ta bi, sannan ko famfon lantarki zai raba ka da mutuwar da motar ke yi da rana. Shawarwarin nan biyu da aka ba ka, ba na bayan ko ɗaya. Abin da motarka ke buƙata shi ne bututu mai tauri na milimita 8, a mayar da shi inda kamfani ya bi da shi tun farko, nesa da salansa, roba kuwa ta tsaya a guntaye wurin da jiki ke motsi. Ban ga motar da idona ba, saboda haka zan fara da yadda za ka tabbatar cewa mai ne ke yanke mata, kafin ka kashe kuɗi.

Me ya sa take mutuwa in rana ta take

Fetur ba abu ɗaya ba ne, haɗi ne na mai iri-iri, kuma mafi sauƙin cikinsu yana fara tafasa tun daga digiri 30 zuwa 40. A nan kuwa a watan Afrilu da Mayu iskar gari kanta tana haura 40, balle iskar da ke ƙarƙashin mota, tsakanin kwalta mai zafi da salansa. Famfon da ke jikin injin 504 zuƙo mai yake yi daga tankin da ke can baya. Duk ruwan da ake zuƙa, matsinsa raguwa yake, kuma da matsi ya ragu sai ya tafasa da zafin da bai kai ya kawo ba. Da zarar tururi ya taru a bututu, famfo ya daina kama komai, don an yi shi ne ya tura ruwa. Kafireta ta shanye ɗan abin da ke cikin kwanonta, mota ta fara tari, ta tsaya.

Farin tiyon da aka sa maka ya ƙara wa Borno dawaki. In ya ji zafi yana laushi, famfo na zuƙa yana lotsewa, hanya ta ƙuntata, matsi ya ƙara faɗuwa. Bayan ƴan watanni kuma fetur ya tsotse abin da ke sa shi laushi, ya bushe ya ƙanƙance, bakinsa ya daina kama bututu. Ta nan warin ke fitowa, ta nan kuma iska ke shiga. Wayar da aka ɗaure shi da ita tana cinsa a hankali duk lokacin da ka hau gargada.

Ga gwajin da za ka yi ranar da ta sake mutuwa. Ka buɗe kapo, ka cire murfin filtar iska, ka leƙa maƙogwaron kafireta, wani ya taka totur sau biyu inji a kashe. In ka ga siririn mai ya tsarto, to akwai mai a kwano, matsalar ta wuta ce: kwayil ko kwandansa da ke gazawa in sun yi zafi suna kashe mota daidai irin wannan, kuma an sha canza tanki da famfo a banza saboda su. In ba ka ga komai ba, ka buɗe murfin tanki kana saurare. In ya ja iska da ƙara, hanyar numfashin tankin ce ta toshe, abin da ƙurar hunturu ke yawan jawowa. In bai yi ba, ka jiƙa tsumma da ruwa ka lulluɓe famfon da bututun da ke shiga cikinsa. Motar da ta tashi bayan minti biyu ko uku da wannan, tururi ne ya kashe ta.

Akwai wata mai kama da ita da ake rikitawa: ka tsaya sallah ko sayen wani abu minti goma, ka dawo mota ta ƙi tashi sai ka danne totur ƙasa, tana tashi ta yi baƙin hayaƙi. Wannan mai ne ya tafasa cikin kwanon kafireta ya malala cikin inji. Maganinta farantin da ke hana zafi hawa tsakanin kafireta da inji, wanda masu gyara kan jefar in ya tsage, da kuma daidaita tsayin mai a kwano.

Da me za a yi bututun

Batun faɗi tukuna, don shi ne mafi sauƙi. Injin 504 mai lita 2, ko ka danne totur har ƙasa a kan tudu da cikakken kaya, abin da zai sha bai wuce lita 30 a awa ba. Bututu mai milimita 8 a waje, kamar shida da rabi a ciki, yana ɗaukar wannan har da rara. Ƙara faɗi ba ya ƙara wa motar ƙarfi, cutar da ita ma yake yi a ƙasa mai zafi. In inji na aiki mota na tsaye, abin da yake sha lita ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi a awa, wato man da ke cikin bututun milimita 8 yana tafiyar kamar santimita ɗaya a daƙiƙa. Taƙi ɗaya na bututu kusa da salansa, mai zai yi daƙiƙa ashirin ko fiye yana gasuwa kafin ya wuce shi. Ka mayar da shi milimita 10, tafiyar ta ƙara nawa, gasuwar ta ƙara tsawo.

Jan ƙarfen masu firji yana da daɗin lanƙwasawa, shi ya sa ake sonsa, amma aibinsa a nan yake. Jan ƙarfe zalla in ana girgiza shi yana ƙara tauri har ya zama mai karyewa, sai ya tsage a gindin maɗauri ko a kan lanƙwasa, ba tare da ya ba da alama ba. A firji yana zaune wuri ɗaya. A ƙarƙashin motar da ke bin gargadar jan ƙasa, kwanansa ƙidayayyu ne. Wanda ya dace shi ne haɗin jan ƙarfe da nikel, kashi 90 da kashi 10, irin wanda ake bututun birki da shi. Launinsa ya fi na firji haske, ba ya tsatsa, yana lanƙwasuwa da hannu, kuma yana jure girgiza. Da wuya ka tarar da shi a ajiye a shago, sai dai ka sa a kawo maka. In bai samu ba, bututun baƙin ƙarfe mai rufi, irin wanda motar ta zo da shi, ya isa. Ƙasarmu busasshiya ce, ba a zuba gishiri a hanya kamar Turai, don haka tsatsar da ke cin bututu a nan wuri biyu take fitowa: ƙarƙashin maɗauri inda lakar damina ke maƙalewa, da kuma ciki, daga ruwan da ke shigowa tare da mai. Wanda aka ciro daga tsohuwar mota ma yana yi, in ka kankare wuraren maɗauri ka ga babu ramuka, ka kuma hura shi iska ta fita tsaf. Masu zuwa Kano suna iya duba maka a Ƙofar Ruwa. Familiyal tsawonta mita 4.8 ne, ka sayi mita 5, gara ya yi saura da ka yi ƙari a tsakiya.

Bututun nailan baƙi da motocin zamani ke zuwa da shi ba ya tsatsa, amma yana son nasa mahaɗan, kuma ba ya shiri da zafin salansa ko kaɗan. Alminiyom kuwa saurin cinyewa yake in yana gogar wani ƙarfe.

Roba wuri uku kawai take da aiki: daga bakin tanki zuwa bututu, daga bututu zuwa famfo, sai daga famfo ta filta zuwa kafireta. Kada ka sayi tiyon da ba rubutu a jikinsa. Ka nemi mai ɗauke da SAE J30 R7 ko DIN 73379, in ka sami R9 ya fi, don cikinsa na da rufin da fetur ba ya ratsawa, kuma wari ba ya fita ta jikinsa. Faɗin ciki milimita 7.5 zuwa 8. Wanda aka saƙa masa zare a waje yana da kyan gani a tsohuwar mota, sai dai zaren na ɓoye tsagewa, ba ka sani ba sai ka ga ya jiƙe. Tiyon ruwan lagireto da na iska kumbura suke yi su narke daga ciki, gutsattsarinsu su je su tokare allurar kafireta, wadda ke rufe hanyar mai in kwano ya cika.

Ta ina zai bi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin ganganci. Ka ɗaga motar ka bi ƙarƙashinta da fitila: ramuka da ragowar maɗauran tsohon bututu suna nan, su ne taswirarka. In tsohon bututun bai ɓata ba, shi za ka ajiye a ƙasa ka kwaikwayi lanƙwasarsa. In ya tafi, ka sami doguwar waya mai kauri ka bi hanyar da ita, ka lanƙwasa ta a jikin motar, sannan ka fito da ita ta zama ma'auni.

Bututu yana bin gefen dogon ƙarfen da ya ratsa ƙarƙashin mota daga gaba zuwa baya, ta ɓangaren ciki, a sama da gindin ƙarfen. In ka durƙusa ka hango motar daga gefe, bai kamata ka ga bututun mai ya leƙo ba. Duk abin da ya fi kowa sauka shi ne zai fara gamuwa da dutse, da kututture, da tudun rairayin da ke tsakanin sawun taya. Ya kauce wa wuraren da ake kafa jak, don mai faci ba zai leƙa ba kafin ya ɗaga. Kada kuma a shigo da shi cikin ɗakin mota ƙarƙashin darduma da sunan kare shi daga duwatsu. In ya yi yoyo a can, fasinja ne a zaune kan fetur.

Tsakaninsa da salansa ya zama santimita 15 in da hali, kada ya gaza 10. Ka lura da wani abu: tsohuwar 504 da wuya a ce salansarta ta asali ce, mai walda ya sha yanka da ƙari, kuma sau da yawa sabuwar ta matso inda tsohuwar ba ta kai ba. Don haka ko hanyar kamfani ka bi, sai ka auna. Inda dole su kusanci juna, ka sa farantin alminiyom a tsakani, da tazarar yatsa ɗaya tsakaninsa da bututun don iska ta ratsa. Naɗe bututu da takardar alminiyom kai tsaye ba ya yin wannan aikin, tazarar iskar ce ke tare zafi.

A baya, wurin aksil, ka duba sau biyu: sau ɗaya tayoyi na reto mota a ɗage, sau ɗaya kuma an loda mata kaya ta zauna sosai. Familiyal motar ɗaukar mutane da buhuna ce, kuma bututun da ke da sarari mota ba kaya yana iya shiga tsakanin aksil da jiki ranar kasuwar Mirya. Haka a gaba, ka murza sitiyari har ƙarshe hagu da dama ka ga ba abin da ke taɓa shi.

Maɗauri kowane santimita 30 zuwa 40, na ƙarfe mai roba a ciki, a kafe da noti, da ƙarin ɗaya kusa da kowace lanƙwasa da kowane baki. In babu irinsu, ka yanka ɗan guntun tiyo ka tsaga shi ka sa wa bututun riga kafin ka ɗaure. Kada a haɗa shi da bututun birki ko wayoyin lantarki a ɗauri guda: suna gogar juna, kuma ranar da waya ta feɗe ta yi tartsatsi, a jikin fetur za ta yi. Duk inda zai ratsa ramin ƙarfe, a sa zoben roba.

Wajen yanka ka yi amfani da abin yankan bututu mai ƴar ƙafa, irin na masu firji. Zarto yana barin garin ƙarfe a ciki. Ka share bakin, ka toshe shi da salatif kafin ka zura shi ƙarƙashin mota. Lanƙwasa kada ta fi gefen kofin shayi matsewa, kuma a yi ta da abin lanƙwasa ko da sifirin da ake sa wa bututu a waje. In ya lotse ya yi kwana kamar kara, ka yanke wurin, miƙe shi ba ya mayar da faɗinsa. Wasu na cika bututu da rairayi don kada ya lotse. A aikin famfon ruwa wannan dabara ce, a hanyar mai kuwa ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta hana allurar kafireta rufewa. In ka gama, ka kai wa mai faci ya hura shi da iska mai ƙarfi.

Kowane bakin bututu yana son ɗan kumburi kamar zobe, wanda ake yi da matakin farko na abin buɗa bakin bututun birki. Tiyo ya hau santimita biyu da rabi zuwa uku, koliye, wato zoben ƙarfen da ke matse tiyo, ya zauna bayan kumburin. Koliye mai tsaga-tsaga ba ya zagaye ƙaramin tiyo daidai, yana kuma cizon roba. Ka nemi mai santsi da ɗan noti, na milimita 13 zuwa 15, ka ɗaure har roba ta ɗan taso gefensa, ka tsaya nan. Guntun da ke tsakanin jikin mota da famfo ya kai santimita 20 zuwa 25, da ɗan lanƙwasa, don inji na rawa a kan kujerunsa. In kujerun sun mutu ka canza su, in ba haka ba inji zai riƙa fizgar tiyon duk lokacin da ka saki kuloci.

Filta, tanki da hanyar dawowa

Ko a gidan mai kake sha, man da ke fitowa daga matatar SORAZ da ke nan hanyar Tanut tun 2011, ko a kwalaben ƴan ruwa-ruwa, tankin da ya haura shekara arba'in yana da nasa dattin. Sabon bututu a kan tanki mai tsatsa aikin baban giwa ne. Ka sauke shi, ka wanke, ka duba ragar da ke bakin bututun zuƙa. Filtar takarda mai ƙananan ƙofofi ta zauna bayan famfo, inda ake turi. In ka sa ta kafin famfo ta fara toshewa, ka ƙara masa wahalar zuƙa, tururin da kake gudu ya dawo. Kafin famfo raga mai manyan ido ta wadatar. Filtar gilashi mai murɗawa tana kwancewa da girgiza, kuma kada kowace iri ta yi reto a saman inda hayaƙi ke fita daga inji.

In akwai abin da zan kira ƙari na gaske a motar da ke aiki a wannan zafi, hanyar dawowa ce. Ana sa filta mai baki uku kusa da kafireta, ƙaramin bakin yana kallon sama, a ja bututu na milimita 6 daga nan ya koma tanki, kafaɗa da kafaɗa da na zuwa. Ramin da ke bakin dawowar ya zama milimita 1 zuwa ɗaya da rabi, in ya fi haka famfo zai riƙa mayar da man tanki kafireta na jin ƙishi. Da wannan, mai ba ya tsayawa ya gasu ko mota na tsaye a cunkoson kasuwar Dole, kuma tururin da ya taru yana bin sama ya koma tanki. Ka duba ko tankinka na da bakin da aka toshe. In babu, a cire wuyan da ake zuba mai ko farantin ma'aunin mai, a yi masa bakin a waje, nesa da motar. Ba a kai wutar walda jikin tanki, ko an wanke shi, don tankin da ba mai sai tururi ya fi cikakke saurin fashewa.

Famfon lantarki

Ka auna na jikin injin kafin ka yanke masa hukunci. Cire tiyon da ke shiga kafireta, ka sa bakinsa a kwalba mai awo, a tayar da inji ya ci abin da ke kwano. Cikin daƙiƙa 30 ya kamata ka ga abin da ya kusa rubu'in lita, yana zuwa da ƙarfi ba kumfa. Ka zaro sandar auna baƙin mai ka sansana: in tana warin fetur, ko baƙin man ya ƙaru da kansa, fatar famfon ta huje tana zuba cikin inji, sai a canza famfon da baƙin man tare.

In har za ka sa na lantarki, ka san cewa shi turi ya iya, zuƙarsa ba ta da ƙarfi. Wurinsa baya ne kusa da tanki, daidai gindinsa ko ƙasa kaɗan, a kan kujerar roba, da raga a gabansa. Wanda aka ɗaura cikin kapo don sauƙin jan waya bai magance komai ba. Matsinsa ya tsaya tsakanin bar 0.2 da 0.3. Famfon motocin zamani da ke cika kasuwa yana ba da bar 3 ko fiye, sau goma ke nan, zai danne allurar kafireta mai ya malalo kan inji mai zafi. A ja masa wuta ta rile da fiyus, a kuma haɗa shi da makunnin matsin baƙin mai ko makunnin da ke yankewa in an yi karo, don in inji ya tsaya shi ma ya tsaya. Tsohon famfon a cire shi a rufe gurbinsa da faranti. In aka bar mai na ratsa shi, ranar da fatarsa ta huje na lantarkin zai cika inji da fetur.

Duk wannan bayani na 504 mai kafireta ne. Mai famfon feshin mai na Kugelfischer, wadda ba ta da kafireta, da mai gazuwal matsinsu da tiyonsu daban ne, kada a ɗauki waɗannan alƙaluma a kai can.

Ranar aikin, a yi shi a fili, a cire kan batir na nagatif, wanda ke haɗe da jikin mota, a zuƙe tanki cikin jarka mai murfi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya taru cikin ramin gareji, don haka murhun mai shayin da ke gefe sai ya matsa nesa, a kuma ajiye bokitin rairayi da tukunyar kashe gobara mai gari, ruwa yaɗa wutar fetur yake yi. In an gama, a tayar da inji ya yi minti goma, a kashe, a bi kowace mahaɗa da farar takarda. Bayan mako guda ka sake bin koliye ɗaya bayan ɗaya da sukudireba, don sabuwar roba tana kwanciya in ta ji zafi, kuma ka leƙa maɗauran da ke kusa da aksil ka ga ko wani wuri a jikin bututun ya fara ƙyalli.